Yadda Ake Ba Tsaka, Ƙadangare da Kwaɗon Kiwo Ƙwari Masu Rai Ba Tare da Sun Cika Ɗaki Ba

Duk wanda ya shigo ya tarar ina miƙa wa tsakata gyare da hantsaki, tambayarsa ba ta wuce biyu. Ta farko, me ya kai ni kiwon tsaka, dabbar da ba ta da farin jini a wajenmu. Ta biyu, wadda masu kiwo irina suka fi yi, ita ce yaya nake yi ƙwarin ba sa tsere mini cikin gida. Ta biyun zan amsa a nan.

A watan farko da na fara, na kwance ledar gyare a tsakiyar ɗaki, a kan darduma. Kafin in ce kwabo sun watse. Na kama waɗanda na kama, amma wani namiji ya samu bayan kabad ya kafa sansani, ya yi kusan mako biyu yana raira mana waƙa daga isha'i zuwa asuba. Rannan da safe Inna ta ce mini, "Kai, ko dai ka fitar mana da ƙwarin nan, ko ka bi su." Tun daga ranar nake bin ƙa'ida biyu: ba na juye ƙwari sai a cikin baho, kuma ba ƙwaron da ke shiga keji ban ƙirga shi ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suka tsaya.

Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Yawancin kayan suna gidanka ko a kasuwar unguwa. Kana buƙatar babbar roba mai murfi, mai santsi a ciki, wadda tsayinta ya kai santimita 40 ko fiye, ragar waya irin ta taga, kiret ɗin ƙwai na kwali guda uku ko huɗu, kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida, salatif mai faɗi, babban baho, kofi mai murfi, ƙaramin kwanon tangaran ko na gilashi mai zurfi, da dogon hantsaki mai dakusasshen baki. Yawancin waɗannan sau ɗaya za ka saya.

Abin da ke cin kuɗi a kai a kai biyu ne: ƙwarin kansu, da hodar kalsiyam da ta bitamin, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. Sayi ƙaramar kwalba. Bitamin yana rage ƙarfi bayan kamar wata shida da buɗewa, kuma zafinmu yana ƙara gaggauta hakan, saboda haka babbar kwalba asara ce ga mai dabba ɗaya.

1. Zaɓi ƙwaron da ba zai wahalar da kai ba

Rabin tsaftar aikin nan a wajen saye ake samunta. Gyare shi ne aka fi sani, kuma dabbobi na son sa saboda yawan motsinsa, amma shi ya fi kowa fitina: yana tsalle, yana kuka, yana wari, yana mutuwa da wuri. Duk rayuwarsa mako takwas zuwa goma ce, in ka sayi manya to kwanakinsu sun riga sun ƙare.

Kyankyason dubiya, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, shi ne zaɓina. Ba ya tsalle, ba ya kuka, ba ya iya hawa roba mai santsi, kuma warinsa kaɗan ne. Tsutsar dusa, wadda masu sayarwa ke kira milwom, da babbar 'yar'uwarta sufawom, suna zama lafiya lau a kwano, sai dai kitse ya yi musu yawa, musamman babbar, don haka kada su zama abincin kullum. Sai tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja, wadda masu kiwon kifi da kaji suka fara renonta a ƙasar nan. Ita ce ta fi sauran kalsiyam nesa ba kusa ba.

Girman ƙwaro kuwa, dubi tazarar da ke tsakanin idanun dabbarka. Kada ƙwaron ya wuce wannan. Ƙaramin ƙadangare zai yi ƙoƙarin haɗiye abin da ya fi ƙarfinsa, ya maƙale masa a wuya ko ya toshe masa hanji.

Hattara: kada ka kamo fara daga gona ko ƙwari daga ƙarƙashin fitilar titi. Ba ka san abin da aka fesa wa gonar ba. Farar tumfafiya tana tara gubar ganyen da take ci a jikinta, ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuma an san guda ɗaya tak yana iya kashe ƙadangare mai gemu na Ostireliya. Soyayyiyar farar kasuwa mai gishiri da yaji taka ce, ba tasu ba. Kyankyason bayan gida ma ba ya cikin lissafi.

Hattara ta biyu: a Turai in dubiya ta tsere, sanyin ƙanƙara ne zai gama da ita. Mu ba mu da wannan mai gadin. Jihar Florida ta Amurka, mai ɗumi kamar namu, ta hana ajiye ta saboda wannan tsoron. Ka riƙe ta da kyau, kuma kada ka taɓa zubar da ragowa a waje.

2. Shirya musu mazauni kafin su iso

Yanke tsakiyar murfin robar, ka bar baki kamar faɗin yatsu uku, ka manna ragar waya. Ta ƙarfe nake nufi. Gyare yana cinye ragar leda ko gidan sauro cikin 'yan kwanaki. Sannan ka zagaya bakin robar ta ciki da salatif mai faɗi, zobe guda daga sama. Duk wanda ya samu hanyar hawowa, a nan zai zame. Wasu basilin suke shafawa, amma da hunturu ƙura na manne masa ya zama tsani.

Jera kiret ɗin ƙwai a tsaye, kada ka kwantar da su. In suna tsaye kashin ƙwarin yana zubowa ƙasa, iska na ratsawa, kuma kowa ya samu ramin ɓuya, domin gyare in ya matsu yana cin ɗan'uwansa. Ka tabbata saman kiret ɗin bai kusanci murfi ba. Jefa kwalin takardar bayan gida uku ko huɗu a kai. Za ka ga amfaninsu a mataki na huɗu. Kada ka zuba ƙasa ko yashi a gindin robar gyare da dubiya. Tsutsar dusa ce kawai ke son dusar alkama, zurfin yatsu biyu.

Ruwa shi ne inda aka fi yin ɓarna. Gyare yana nutsewa a ruwan da bai kai cikin cokali ba, kuma gawa ɗaya a ruwa ta isa ta ɓata robar. Jiƙa auduga ko ɗan soso a murfin kwalba, ka riƙa sauyawa duk kwana biyu, ko ka bar yankan karas da kabewa su zama ruwan shansu.

Ajiye robar a inuwa, inda iska ke bi. Gyare ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 30. Da bazara, lokacin da zafi ke haura 40, ɗakin kwano mai rufe zai iya kashe maka su a yini ɗaya. Da damina kuma laima da rashin iska ne ke kashe su. Tsutsar dusa in ka sa ta a sashen ƙasa na cikin firji takan yi barci ta daɗe, in ka bar ta a zafi kuwa ta yi saurin rikiɗa ta zama baƙin ƙwaro. In wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, sayi ta mako biyu kawai. Sufawom ba ta shiga firji ko kaɗan, sanyi kashe ta yake yi.

Hattara: tururuwa da cinnaka. Ƙamshin karas da matattun ƙwari yana kiran su, kuma a dare ɗaya za su gama da robar. Ɗora ta a kan ɗan tebur, ka sa kowace ƙafar teburin a gwangwani mai ruwa. Maganin sauro na feshi, na kunnawa da fiya-fiya kuwa kada su shiga ɗakin da ƙwarin ko dabbar suke.

3. Cika wa ƙwarin ciki tukuna

Gyaren da ya kwana biyu a leda ba ci ba sha ɓawo ne kawai. Abin da ke cikinsa shi dabbarka ke amfana da shi. Saboda haka awa 24 zuwa 48 kafin ka miƙa su, ba su abinci mai kyau: ganyen zogale, karas, kabewa, dankalin Hausa, da ɗan busasshen abinci kamar dusar alkama ko abincin kaji wanda ba a haɗa shi da magani ba. Zogale na fi dogara da shi, ga kalsiyam ga araha. Wanke ganyen sosai, ka bari ya tsane. Alayyafo kaɗan-kaɗan, domin yana ɗauke da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam. Albasa da tafarnuwa babu su.

Zuba abincin a murfi, kada ka watsa a gindin roba, kuma ka kwashe ragowar ɗanye kafin ya yi furfura.

Hattara: in daga gonar kifi ko ta kaji ka sayo tsutsar ƙudan soja, tambayi abin da ake ba ta. Wasu da kashin kaji da ruɓaɓɓen abinci suke renonta. Wanke ta a rariya, ka ajiye ta kwana biyu zuwa uku a kan abinci mai tsafta kafin ka fara bayarwa. Kuma kada ka bar bangon robarta da laima. Da ya jiƙe take samun hawa.

4. Ɗebo su

Nan ne aka fi samun tsere, don haka bi a jere. Rufe ƙofa. Kashe fanka. Ajiye babban baho a ƙasa, ka sa kofin a tsakiyarsa. Buɗe robar a hankali, kada ka cusa hannu kana farauta, domin kana kama ɗaya biyar na tsalle. Ɗauki ɗaya daga cikin kwalayen nan masu rami, ka toshe bakinsa biyu da tafin hannu da yatsu. Kusan kullum za ka same shi cike, saboda gyare da dubiya duhu suke so. Kawo shi kan kofin, saki gefe ɗaya, ka ɗan buga. Wanda ya kauce wa kofi ya faɗa baho.

Mayar da murfin robar kafin ka yi komai. Sai ka ƙirga abin da ke kofin, ka mayar da rarar.

In gyaren sun cika zafin nama, sa kofin a firji minti biyar, ban da wajen ƙanƙara. Za su yi laƙwas, su ba ka damar aiki, su farfaɗo cikin 'yan mintuna. In babu wuta, tsoma gindin kofin a ruwan ƙanƙarar leda, aikin ɗaya ne.

Wata dabara da na koya bayan hukuncin Inna: manyan maza ne kawai ke kuka. Mace tana da wani dogon tsinke a bayanta wanda take saka ƙwai da shi, namiji ba shi da shi. Fara bayar da mazan, ɗakinka zai yi shiru da wuri.

5. Baɗe su da hoda

Gyare, dubiya da tsutsar dusa duk sinadarin fosfaras ya rinjayi kalsiyam a jikinsu, alhali dabbar tana son kalsiyam ya fi yawa. In aka daɗe a haka sai jikinta ya fara zarar kalsiyam daga ƙashi. Muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, jiki ya riƙa karkarwa, ta kasa ɗaga ciki daga ƙasa. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai likitan dabbobi. Ƙarin hoda kaɗai ba zai miƙe ƙashin da ya lanƙwashe ba.

Zuba ɗan tsunkule a kofin, rufe, ka juya a hankali sau uku ko huɗu. Ƙwarin su fito furu-furu kamar ƙafar yaro da hunturu. In sun fito fari fat kamar an tsoma su a fulawa, ka yi yawa, kuma dabbobi da dama sukan ƙi ci.

Tsarin da nake bi: kalsiyam zalla a yawancin ciyarwa, mai haɗe da bitamin D3 (wanda ke taimaka wa jiki tsotsar kalsiyam) lokaci-lokaci, haɗin bitamin kuma sau biyu a wata. Dabbar da ke samun fitilar UVB, wato fitila mai ba da wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, tana haɗa D3 a fatarta, don haka buƙatarta ta hoda ba ta kai ta wadda ba ta samu ba. Karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbarka, domin ƙarfinsu ya bambanta. In hodar zalla ta yanke, ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka busar, aka niƙa ya yi laushi kamar kwalli zai riƙe ka. Kusan duk kalsiyam ne, amma babu D3 a ciki. Tsutsar ƙudan soja ba sai an baɗe ta kullum ba.

Hattara: D3 yana taruwa a jiki, yawansa guba ne. Kuma hasken rana da ya ratso ta gilashin taga ba ya cikin lissafi, gilashi yana tare UVB. Baɗe ƙwarin daf da miƙawa. Gyare yana lashe jikinsa, in ka bar shi ya jima zai share hodar tas.

6. Miƙawa

Fara da lokaci. Waɗannan dabbobi da zafin waje suke narkar da abinci. Ƙadangare mai gemu sai ya yi awa ɗaya ko biyu yana shan ɗumin fitilar kejinsa kafin ka ba shi, kuma a bar masa aƙalla awa biyu kafin a kashe ta. Tsaka mai zanen damisa, da 'yar'uwarta mai kaurin wutsiya ta yankinmu na Afirka ta Yamma, da yawancin kwaɗi, da magariba suke fitowa farauta. 'Ya'ya kullum suke ci. Babbar tsaka sau biyu ko uku a mako ya ishe ta, ƙwaro biyar zuwa takwas. Babban mai gemu ganye ne mafi yawan abincinsa, ƙwari ƙari ne.

Kwano shi ne hanya mafi tsafta ga tsutsa da dubiya. Ya zama mai santsi, mai nauyin da dabbar ba za ta kifar ba, zurfinsa ya fi tsawon tsutsar in ta miƙe. Wanda bakinsa ya lanƙwaso ciki ya fi. Sa ɗan yankan karas a tsakiya. Ƙwarin za su taru a kansa suna motsi, motsin kuma shi ke jawo idon dabbar. Na gilashi ya fi wa tsakar da ba ta saba ba, saboda tana hango su ta gefe, ko da yake kwana biyun farko za ka gan ta tana kai wa gilashin cafka.

Hantsaki shi ne na gyare. Kama shi ta gefen ƙirji. In ka kama ƙafar baya zai bar maka ita a hantsaki ya tafi abinsa. Sauke shi ƙasa, daidai gaban dabbar, kamar tazarar ɗan yatsa, ka ɗan motsa shi gefe da gefe. Kada ka zo mata ta sama, haka shaho ke zuwa. Ka riƙe yadda jikin ƙwaron zai leƙo gaba da bakin hantsakin, ka saki da zarar ta cafke. Babban kwaɗon nan mai ƙaho na Amurka ta Kudu ba ya bambance gyare da yatsa, kuma cizonsa na fitar da jini, shi dole hantsaki. In ka lura da kyau lokacin da kwaɗo ke haɗiya, za ka ga idanunsa sun lotsa ciki. Da su yake taimaka wa kansa tura abincin.

Hattara: hantsakin ƙarfe mai tsini yana fasa baki. Nemi na gora, ko ka sa wa bakinsa ɗan tiyo na roba.

Hanya ta uku ita ce ka ɗauki dabbar ka sa ta a wata roba daban, ka zuba mata gyare ta yi farauta minti goma zuwa sha biyar. Ƙadangare mai gemu da ya saba da hannu yana son wannan, kejinsa kuma ya zauna tas. Amma ga hawainiya da kwaɗo ban yarda da ita ba. Ɗauka da saukewa na firgita su su ƙi ci, kuma fatar kwaɗo tana tsotse duk abin da ke hannunka, sabulu ne, man shafawa ne ko turare.

Hawainiya a sama take ci. Samu galan ko babbar gorar roba, ka yanke mata taga a gaba, ka manna ragar waya a bangon baya ta ciki don ƙwarin su riƙa hawa suna sauka a gaban idonta. Huda gindin don ruwan feshi ya tsiyaye, ka goge kaifin yankan ko ka naɗe shi da salatif, ka rataye ta ɗan ƙasa da reshen da take zama. In da hantsaki za ka ba ta, riƙe sako-sako; in harshenta ya manne ka ƙi saki, za ka ji mata ciwo a harshen.

Ƙananan kwaɗi kuma ƙudan 'ya'yan itace marasa tashi ake ba su. Buga gindin kwalbarsu a tebur su zube ƙasa, buɗe, karkata a kan kofin hoda, rufe nan take. A cikin kejin ajiye ɗan yankan ayaba a murfi. Ƙudajen za su taru a kai maimakon su bi bango suna neman kafa. Kada ka bari ƙudan 'ya'yan itace na waje, mai tashi, ya shiga kwalbar, in suka haɗu 'ya'yan za su fito da fiffike mai aiki.

Hattara: kada ka zuba ƙwari a kan yashi ko ɓurɓushin katako. Dabbar tana cafkar ƙwaro tare da abin da ke ƙarƙashinsa, a hankali ya taru ya toshe hanji. Ajiye fale-falen dutse ko tayil guda a matsayin wajen ci.

7. Ƙirga abin da ya rage

Ka sa shida, ka ga ta ci huɗu, to biyu suna wani wuri. Nemo su kafin ka kwanta: ƙarƙashin maɓoya, bayan kwanon ruwa, jikin murfi. Gyare mai yunwa yana gutsurar dabba tana barci, a fatar ido, yatsu da ƙarshen wutsiya, musamman lokacin da take saɓa. Yana kuma cin kashinta, ya dawo mata da ƙwan tsutsar ciki in ta cinye shi. Sufawom da ta fita kwano takan nutse a ƙasa, bayan makonni ka ga baƙin ƙwaro yana yawo. In ɗaya ya gagare ka, bar masa yankan karas a kejin ya samu abin ci har safiya.

Rubuta adadin a ɗan littafi. Ranar da ci ya fara raguwa, a nan za ka fara gani.

8. Shara da wanki

Kullum ka tsince matattu daga robar. Warin gyare da ake kuka da shi yawanci daga nan yake, kuma iskar da gawa ke fitarwa tana kashe na raye. Sau ɗaya a mako ɗaga kiret ɗin ka sa a baho, karkata robar, ka share kashin da ya taru a kusurwa. Yi wannan a tsakar gida, ka sa takunkumi, saboda ƙurar kashin kyankyaso da gyare na tayar da atishawa da asma. Kiret ɗin da ya yi laushi ko ya yi baƙi a jefar. Wanke kwano, kofi da hantsaki da ruwan zafi, ka ɗauraye sosai, nesa da wajen wanke-wanken abinci, sannan ka wanke hannu da sabulu; waɗannan dabbobi kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai jawo gudawa ko da suna cikin ƙoshin lafiya, don haka yara 'yan ƙasa da shekara biyar su tsaya a kallo. Rarar ƙwarin da suka yi wa dabbarka girma, kaji za su yi maka godiya.

9. In wani ya tsere

Kada ka kama gwangwanin feshi. Jiƙa tsumma ko tsohuwar jarida, ka dunƙule ta a jikin bango kusa da inda kake jin kukan, ka ɗora guntun kiret da yankan karas a kai, ka kashe fitila. Da asuba ɗaga su gaba ɗaya ka sa a baho. Laima da duhu sun riga sun kira shi. Tarkon gam ma yana aiki, amma a sa shi inda dabbar ba za ta taɓa kaiwa ba, ko da ita ma ta fito. Wanda ka kamo bayan ya yi yawo a gida kada ya koma roba, kada kuma ya shiga keji, domin ba ka san kusurwar da ya bi aka zuba magani ba. Murƙushe shi ka jefa a shara, sannan ka koma ka duba ragar murfin da zoben salatif, ka gano ta inda ya fita.